Ciwon Daji da Masu Bincike na Legon: Abin da Ya Shafi Fatake

'Yan'uwa fatake, dillalai, masu masauki da mahauta, na Tulaku da na Kumasi, da waɗanda takardar nan za ta iske a Paga ko Bawku ko can Fada N'Gourma. A wannan fitowa mun ajiye maganar kuɗin shinge da tsadar tirela, za mu taɓa wata magana wadda ba a cika yin ta a kara ba, alhali kuwa tana cin mutanenmu. Maganar ciwon daji ce, wanda wasu ke kira sankara, 'yan boko su ce kansa, da kuma ma'aikatan lafiyan nan da kan kafa rumfa a bakin masallaci ko filin makaranta a unguwannin Zango, irin su Nima da Maamobi, suna kira a zo a yi gwaji kyauta. Da yawanmu in mun hango rumfar sai mu sake hanya. Wani ya ce jinin nan sayar da shi za a yi, wani ya ce shi lafiyarsa lau, me zai kai shi tonon abin da ke kwance. To, bari mu warware maganar gwargwadon abin da muka fahimta.

Jikin ɗan Adam, da na saniya ma, an gina shi ne da wasu 'yan ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Kowace tana haihuwar wata idan da bukata, sa'an nan ta tsaya. Ciwon daji shi ne a sami wasu daga cikinsu sun lalace sun ƙi tsayawa, su yi ta yaɗuwa har su zama ƙulli, daga baya su bi jini su kafa a wani wuri. Ba a ɗaukarsa ta gaisawa ko cin abinci a kwano ɗaya, kuma ba jifa ba ne. Hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum sama da 27,000 suka kamu da shi a Gana, kusan 18,000 suka rasu. Na nono shi ne kan gaba a yawa, sa'an nan na hanta, da na bakin mahaifa, da na furostet. A tsakanin maza kuwa na hanta ya fi kowanne, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

Amma da fari, su wa ke wannan bincike? Wanda ya bi hanyar Madina daga Ankara ya san jami'ar Legon. A cikinta akwai cibiyar binciken cututtuka da ake kira Noguchi, wadda gwamnatin Japan ta gina ta ba Gana kyauta a 1979. Sunan wani likita ne ɗan Japan, Hideyo Noguchi, wanda ya zo Ankara binciken zazzaɓin shawara, cutar ta kama shi ya mutu a nan a 1928. Cibiyar ba asibiti ba ce da za ka je ka yanki kati. Aikinta auna jini da fitsari da abinci da sauro da kaska, don a gane daga ina cuta take fitowa, da yadda za a tare ta. Ita ce ta tabbatar da mutanen farko da suka kamu da korona a Gana a watan Maris na 2020. A jami'ar dai akwai wata cibiya ƙanwarta, WACCBIP, da aka kafa a 2014, inda ake horar da samarin masana daga ƙasashen yankinmu. Shi kuwa magani, a Korle Bu ake yinsa, inda aka buɗe sashen gashin ciwon daji da na'ura a 1997, sai Komfo Anokye na Kumasi da ya sami nasa a 2004.

Mu koma kan hanta. Dukanmu mun san yadda abin yake zuwa: mutum ɗan shekara arba'in da ɗoriya, ƙaƙƙarfa, wanda ke kwana uku a saman tirela daga iyaka zuwa Ashaiman ba ya ko gezau, sai a ga ya fara rama, ba ya son abinci, gefen cikinsa na dama yana nauyi. Kafin wani lokaci ido ya yi ɗorawa, ciki ya kumbura da ruwa. A ce shawara ce, a jiƙa saiwa. A ce sammu ne don an ga kasuwarsa ta buɗe. Ranar da za a kai shi asibiti likita ya duba hoton ciki ya ce an makara, kuma mafi yawan waɗanda aka kai a wannan hali watanni kaɗan suke yi. Abin da masu bincike suka gano shi ne, a ƙasashenmu babban tushen wannan ciwo wata ƙwayar cuta ce, hepataitis B. Wani Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya fara gano alamarta a jini a shekarun 1960. A Gana kimanin mutum ɗaya cikin goma na manya yana ɗauke da ita, a Arewa ma abin ya fi haka, kuma mafi yawansu ba su sani ba, domin tana iya shekara talatin ko arba'in tana cin hanta a ɓoye ba tare da ko ciwon kai ba.

Yaya ake samunta? A nan ne mutane suka fi kuskure. A gari za ka ji ana cewa ta gumi ake ɗauka, har a ware wa mutum cokali da buta, wani ma a fasa ba shi aure ba tare da an tambayi likita ba. Ba haka ba ne. Ta jini take bi, da kuma saduwa. A wajenmu yawanci tun ana jarirai ake ɗauka, daga uwa wajen haihuwa, ko a ƙuruciya ta hanyar aska ɗaya da aka yi wa yara da yawa kaciya ko tsaga ko cire beli da ita, ko allura ɗaya da aka soka wa mutum biyu. Jaririn da ya ɗauka wajen haihuwa, cikin goma tara za ta zauna musu har girma. Babban da ya ɗauka kuwa, yawanci jikinsa kan kore ta da kansa. Wannan ya sa maganar wanzamai take da nauyi. Ba muna cewa a bar wanzami ba ne, sana'a ce ta gado kuma muna bukatarta, amma reza sabuwa nawa take? Wanda zai yi aski a bakin kara ko a tashar iyaka, ko zai sa a yi masa ƙaho, ya sayi tasa ya ga an ɓare ta a gabansa.

Akwai rigakafi, kuma an gwada shi a kusa da mu. A Gambiya aka fara wani babban bincike a 1986, aka yi ta yi wa jarirai allurar ana bin su har suka girma, aka ga ta hana ƙwayar zama a jikin mafi yawansu. Gana ta sa ta cikin alluran yara a 2002, a sati 6 da 10 da 14, Nijeriya a 2004. Ma'ana, duk wanda aka haifa kafin waɗannan shekaru, wato mu da ƙannenmu da matanmu da yawancin yaran mota, ba a yi mana ba sai wanda ya je ya nema. Gwajin kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, kafin ka gama shan koko an gaya maka. In ba ka da ita, sai a yi maka allura uku cikin wata shida. In kana da ita, ba a ce ka kamu da daji ba. Za a ƙara wasu gwaje-gwaje a ga ko kana bukatar ƙwayar magani da ake sha kullum, irin su tenofovir, wadda ke danne cutar ta rage haɗarin, sa'an nan a riƙa duba hantar da na'urar hoto kamar duk wata shida. Mace mai ciki da aka samu tana da ita, a yi magana da asibiti tun kafin naƙuda, domin allurar farko ta jaririn ana so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa.

Abu na biyu da ke cin hanta ya shafi sana'armu kai tsaye. Shi ne gubar da funfuna ke bari a jikin masara da gyaɗa idan an tara su ba su bushe ba, ko ruwa ya taɓa buhu. Sunanta afalatoksin. An gano ta ne ta hanyar dabbobi: a 1960 talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila, da aka bi sawu sai aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Barazil. A Kenya a 2004 mutum 125 suka mutu saboda cin masarar da gubar ta yi wa yawa. Amma abin da ya fi yawa shi ne a riƙa cin ta kaɗan-kaɗan shekara da shekaru, a tuwo da koko da ƙuliƙuli da yajin tsire, kuma dafuwa ko suya ba sa kashe ta. Idan ta haɗu da hepataitis B a hanta ɗaya, haɗarin daji yana ninkuwa sau da yawa fiye da kowanne shi kaɗai.

A nan cibiyar Noguchi ta yi wani aiki da ya kamata fatake su ji, domin a Ejura aka yi shi, garin da babu wanda bai taɓa sauka cikinsa ba a cikinmu. Tare da wata jami'a ta Texas a Amurka, sun ɗauki mutum kusan 180 a gundumar Ejura-Sekyedumase, suka ba wasunsu wani tataccen yumɓu mai suna NovaSil a cikin kafso har wata uku, wasu kuma aka ba su kafson da babu yumɓun don a kwatanta. Yumɓun yana kama gubar a cikin hanji ya fita da ita kafin ta shiga jini. Sakamakon da aka buga a 2008 ya nuna alamar gubar ta ragu a jini da fitsarin waɗanda suka sha. Abin sha'awa, shi wannan yumɓu a abincin dabbobi aka fara amfani da shi. Sai dai kada wani ya ji haka ya ce farar ƙasar da mata ke saya a kasuwa ita ce maganin. Wancan an tace shi an auna shi, wannan kuwa ba wanda ya san abin da ke cikinta. Ta fuskar gona kuma, cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da wani abu, Aflasafe, da ake watsawa a gona kafin amfani ya yi fure, aka ƙaddamar da na Gana a 2018.

Mu namu a nan shi ne dusa da tunkuza da masarar da muke saya wa dabbobi. Al'adarmu ce in buhu ya yi funfuna a ce a ba shanu, ai dabba ce. To saniyar da ta ci, ba ta yin ƙiba yadda ya kamata, wannan asarar aljihu ke nan. In mai tatsa ce kuwa, wani kashi na gubar yana fitowa a nono, nonon kuma shi ne a furarmu da wagashi da bakin 'ya'yanmu. Masarar da ta yi kore-kore ko baƙi, gyaɗar da ta yanƙwane tana ɗaci, arharta ba riba ba ce. Buhu kuma a ɗora shi a kan katako, kada a jingina shi da bango mai laima.

Akwai wata magana da 'yan'uwanmu mahauta ba sa son ji, amma za mu faɗa da girmamawa: babbaka da tayar mota. Mun san dalili, itace da gas sun yi tsada, taya kuwa kusan kyauta ce kuma wutarta na da ƙarfi. Sai dai baƙin hayaƙin nan yana ɗauke da sinadaran da aka tabbatar suna jawo daji, suna manne wa ganda da kai da ƙafa, kuma wanda ya fi kowa shaƙa shi ne yaron da ke tsaye a kan wutar tun asuba. Wannan abu ne da Sarakunan Fawa da shugabanninmu za su iya zama a kansa, a haɗa kuɗi a sayi abin babbaka na gas, tun hukuma ba ta zo da kulle wuri ba. Taba sigari kuwa ba ta bukatar dogon bayani, kowa ya san abin da take yi wa huhu da maƙogwaro.

Sai furostet, wani ƙululu ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Tsakanin 2004 da 2006 likitocin Korle Bu tare da cibiyar ciwon daji ta Amurka sun auna maza 1,037 a Ankara, 'yan shekara 50 zuwa 74, suka sami daji a jikin kusan 7 cikin 100. Fitsari da ƙyar, ko tashi sau da yawa da dare, ko fitsari ya riƙa ɗiga bayan an gama har alwala ta gagara riƙewa, yawanci kumburi ne na tsufa ba daji ba, amma likita ne kaɗai zai raba su. Wanda ya haura hamsin, ko mahaifinsa ko wansa ya yi wannan ciwo, ya tambayi likita game da gwajin jinin da ake kira PSA.

Game da iyali, nauyin a wuyanmu yake, tunda a gidajenmu da yawa mace ba ta zuwa asibiti sai da izni da kuɗin mota, mu kuwa rabin shekara muna hanya. Wani bincike da aka yi daga 2013 zuwa 2015 a Korle Bu da Komfo Anokye da asibitin Peace and Love na Kumasi ya nuna kimanin rabin matan da aka samu da dajin nono, ƙullin ya riga ya wuce santimita 5 kafin su zo. Tsoron a yanke nono ne ke sa a ɓoye, a yi ta shafe-shafe har ya fashe. Alhali wanda aka kama da wuri sau da yawa ƙullin kawai ake cirewa, kuma ana warkewa. Saboda haka kafin ka kama hanya ka bar izni a buɗe: in ta ji ƙulli a nono ko hammata, ko ta ga jini bayan al'ada ta ɗauke, ta tafi asibitin Maamobi ko Ridge ko wanda ya fi kusa, kada ta jira ka dawo daga Pouytenga. Shi dajin bakin mahaifa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, HPV, kuma yana da rigakafi. Nijeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a watan Oktoba na 2023, Gana ta fara a faɗin ƙasa a Oktoba na 2025.

Yara ma suna da nasu. Akwai wanda ke kumbura muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, ana kiransa da sunan Burkitt, likitan da ya bayyana shi a Yuganda a 1958, kuma yana da alaƙa da yawan zazzaɓin cizon sauro. Farfesa Francis Nkrumah, ɗan Kwame Nkrumah, ya shekara da shekaru yana aiki a kansa a Korle Bu kafin ya shugabanci Noguchi daga 1990 zuwa 1998. Yana saurin girma amma yana jin magani ƙwarai in an kai yaro da wuri, kuma yana cikin dajin yara huɗu da aka sa a inshorar lafiya ta ƙasa, wadda dama tana ɗaukar na nono da na bakin mahaifa. Kowa ya duba katin iyalinsa ko ya mutu.

Yanzu maganar jinin da ake tsoro. Wannan tsoro ba daga sama ya faɗo ba. Mutanenmu na Kano ba su manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara cikin wani gwaji na yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Labari irin wannan yana bin fatake ya ƙetare iyaka fiye da kowace sanarwa. Don haka ya kamata mu san bambancin abu biyu. Gwaji daban, bincike daban. A gwaji, an auna ka ne don amfanin kanka, a ba ka sakamako ka tafi. A bincike, ana roƙonka ne ka ba da jini ko amsar tambayoyi don a fahimci cutar a cikin jama'a, wataƙila kai ba za ka ga amfanin nan take ba. Ƙa'ida ita ce ba a fara bincike sai wani kwamiti ya duba ya yarda, Noguchi ma tana da irin wannan kwamiti. Dole a karanta maka takarda da harshen da kake ji, a gaya maka me za a yi da jinin, ina za a ajiye shi, ko za a fitar da shi waje, sa'an nan ka sa hannu ko ka dangwala. Kana da ikon ƙi, kana da ikon janyewa ko bayan ka yarda, kuma ba za a hana ka magani don ka ƙi ba. Ka karɓi kwafin takardar da lambar wayar da ke jiki. Jinin da ake ɗiba cokali ɗaya ne ko biyu, ba ya rage wa mutum ƙarfi. Wanda ya zo ba takarda, ba shaidar inda ya fito, yana gama gwaji ya buɗe jaka yana sayar da maganin wanke hanta, wannan ɗan kasuwa ne irinmu, sai dai hajarsa ba ta da kyau.

Mu ma muna da ƙorafi a kan masu zuwan. Sau da yawa sukan bi ta hannun Sarkin Zango da limamai, wannan daidai ne, amma ranar da suke zaɓa falke yana hanya ko yana kara, sai rumfa ta cika da tsofaffi da yara. Wani lokaci ba mai jin Hausa ko Fulatanci a teburin, takardar kuma da Turanci, baƙonmu na Burkina ko Nijar kuwa ko boko ya yi Faransanci ya karanta. Mafi ciwo shi ne a gaya wa mutum yana da ƙwayar cuta a tsakiyar jama'a, a naɗe rumfa a tafi, ba a ce masa ga inda za shi gobe ba. In kuwa ba ma cikin waɗanda ake aunawa, to lissafin da gwamnati za ta yi aiki da shi ba mu a ciki.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya ita ce kada a jira a zo, a rubuta takarda a nema. Ranar 28 ga Yuli ita ce ranar ciwon hanta ta duniya, 4 ga Fabrairu ta ciwon daji, watan Oktoba kuma na dajin nono, a waɗannan lokuta ne aka fi samun gwaji kyauta ko da rangwame. A roƙi a kafa rumfar a cikin Tulaku ranar da kasuwa ta cika, da tafinta, da labule inda za a gaya wa mutum sakamakonsa shi kaɗai, da ma'aikaciya mace saboda mata masu abinci da masu nono. Kuma tunda allurar hanta uku ce, mu kuwa ba ma zama wuri ɗaya, kowa ya karɓi katinsa ya haɗa shi da takardun shanu a jaka ɗaya. Wanda aka yi wa ta farko a Ashaiman, ana iya yi masa ta biyu a Bolga ko Wagadugu in ya nuna katin, ko an sami jinkiri ba sai an koma farko ba.